Ƙarancin oksijin a ƙarin bakin mahaifa da gashin radiyeshan

Malama, kin tambaya ko ganin sinadarin HIF-1α da yawa a naman da aka gwada daga ƙarin bakin mahaifar mahaifiyarki yana nufin gashin radiyeshan ba zai amfane ta ba. Ba haka ba ne, kuma bai kamata a fasa gashin saboda wannan sakamako ba. HIF-1α, tare da wasu sinadarai irin su CA IX da GLUT-1, alama ce cewa wani sashe na ƙarin yana ƙarancin iskar oksijin, kuma ƙwayoyin sankarar da ke irin wannan sashe sukan buƙaci radiyeshan ninki biyu zuwa uku kafin su mutu, domin oksijin ne ke tabbatar da ɓarnar da hasken ya yi wa DNA ɗinsu. Tun shekarun 1990 likita Höckel a Mainz ta Jamus ya nuna cewa irin waɗannan ƙari sun fi dawowa, amma har yanzu likitoci ba sa yanke hukuncin magani bisa wannan alama kaɗai.

Abin da na fi gani yana kawo cikas a ɗakin jinya shi ne katsewar magani. Ku yi ƙoƙari a kammala gashin waje (wanda na'ura ke haskawa daga wajen jiki) da na ciki (wanda ake sa tushen hasken kusa da ƙarin) cikin makonni 8, tare da allurar cisplatin (maganin sankara) ta mako-mako idan ƙodarta za ta ɗauka, sannan ku roƙi likitanta ya riƙa duba yawan jininta, domin zubar jini kan rage shi sosai a wannan cuta.