Amsa ga kocin da yaransa ke burgewa a atisaye, su watse ranar wasa

Assalamu alaikum. Ƙanena Koci, na karanta tambayarka tun daren jiya, amma na bari sai da safe domin amsarta tana buƙatar zama. Ka ce kana da yara 26 a Daura, 'yan shekara 12 zuwa 14, da ƙwallo huɗu, kuna fita fili bayan la'asar. Idan ka jera musu robobi suna ratsawa da ƙwallo, ko ka tsayar da su biyu-biyu suna ba juna, ko ka sa su a layi suna buga wa gola, komai yana tafiya kamar an zana, amma ranar da kuka haɗu da wata unguwa sai ka rasa gane su, har wanda ya fi kowa iya ratsa robobi shi ake fara ƙwace wa ƙwallo. Ka tambaya ko tsoro ne ke damunsu, ko kuwa ka ƙara musu ranakun atisaye. Na ga wasu 'yan'uwa sun ba ka shawarar ƙara musu gudu, wasu kuma sun ce yaran ba su da zuciya. Da girmamawa gare su, ban bi ra'ayin ko ɗaya ba. Yaranka sun koyi abin da ka koya musu, kuma sun koye shi da kyau, sai dai tambayar da fili yake yi musu ranar wasa daban take da darasin da suka haddace.

Ni ma na daɗe a cikin wannan kuskure. Na fi shekara goma sha biyar ina horar da yara a nan Katsina, a filin wata firamare ta wajen Ƙofar Marusa, kuma shekarun farko duk alfaharina shi ne tsarin atisayena: layuka a miƙe, usur a baki, masu wucewa su tsaya da babur suna cewa wannan koci ya san aiki. Sai wata Juma'a wasu yara da ba su da koci ko kaɗan, rabinsu babu takalmi, suka zo suka lallasa mu a filinmu. Akwai wani yaro nawa ɗan tsakiya da nake nuna wa baƙi saboda yadda yake ratsa robobi goma a jere ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. A ranar na tsaya shi kaɗai nake kallo. Duk lokacin da aka turo masa ƙwallo sai ya sunkuyar da kai ya zuba mata ido har ta iso ƙafarsa, ya tare ta tsaf, sannan ya ɗago domin ya ga inda zai kai ta, alhali kafin ya ɗago wani ɗan siririn yaro ya riga ya zagayo ta bayansa ya ɗauke. Sau biyar na ƙirga hakan kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ban iya yi masa faɗa ba, domin ni ne na shafe shekara biyu ina sa shi kallon ƙasa. Roba ba ta motsi, ba ta zagayowa ta baya, ba ta kai ƙafa, saboda haka babu ranar da ta taɓa tilasta masa ya waiwaya.

Makon da ya biyo baya na ba mataimakina usur, na zauna a gindin darbejiya da biro da takarda, na zaɓi yaro ɗaya ina bin sa da ido. A layin bugun raga mun yi minti ashirin, ya buga sau shida. Sauran lokacin yana tsaye ne yana jiran layi ya zo kansa, yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa. A cikin bugun nan shida babu wanda ya matsa masa, babu wanda zai iya ba wa, kuma daga wuri ɗaya ya buga su duka. Ina roƙonka ka yi wannan lissafi da kanka kafin ka yarda da maganata, domin gani ya kori ji.

Abin da na fahimta daga baya shi ne kowace taɓa ƙwallo a cikin wasa abu uku ne a ɗaure: yaro ya ga abin da ke faruwa, ya zaɓi abin da zai yi, sannan ƙafa ta aiwatar. Atisayen layi da robobi na ukun kawai yake gyarawa, domin koci ya riga ya gani ya kuma zaɓa a madadin yaro. Kada ka ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. A 2010 Paul Ford da Ian Yates da Mark Williams sun wallafa binciken da suka yi a kan masu horar da yara a Ingila, inda suka ɗauki atisayensu a bidiyo suka ƙirga, suka tarar kusan kashi 65 cikin ɗari na lokacin yana tafiya ne a motsa jiki da darussan da ba su yi kama da wasa ba, kashi 35 ne kawai ke tafiya a abin da ya yi kama da wasan gaske. To idan masu filin ciyawa da buhun ƙwallo suna haka, mu da muka gaji tsarin daga gare su ba abin mamaki ba ne.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ruɗar da koci, wato abin da ya fi kyau a ido ranar atisaye ba lalle ne shi ya fi zama a jiki ba. A 1979 John Shea da Robyn Morgan sun koya wa mutane motsin hannu iri uku. Kashi ɗaya suka riƙa maimaita iri ɗaya har su gama sannan su koma na gaba, ɗaya kashin kuma aka cakuɗa musu, ba su san wanda zai biyo baya ba. A lokacin koyo masu maimaita iri ɗaya ne suka fi sauri, amma da aka dawo da su gwaji, har bayan kwana goma, waɗanda aka cakuɗa wa ne suka fi riƙewa. A 1986 Goode da Magill suka gwada irin wannan da bugun farawa iri uku na wasan badminton, suka sami sakamako mai kama da shi. Dalilin da masana suka fi kawowa mai sauƙin ganewa ne: wanda yake maimaita abu ɗaya sau ashirin, a karo na farko kawai ƙwaƙwalwarsa ta warware matsalar, sauran sha taran kwafi ne, shi kuwa wanda ake canza wa aiki kowane karo dole ya sake ginawa daga tushe. Wahalar nan da ke sa shi kuskure a gabanka ita ce take dasa abin a jikinsa.

Na fi son misalin maƙera, domin kowa a Daura ya taɓa tsayawa a maƙera. A shekarun 1920 wani masani ɗan Rasha, Nikolai Bernstein, ya ɗauki hoton motsin masu aiki da guduma a Mosko, ya gano cewa ƙwararre ba ya maimaita motsin kafaɗa da gwiwar hannu iri ɗaya sak a kowane bugu, amma duk da haka kan gudumar yana sauka inda ake so. Daga nan ya ce koyo maimaici ne wanda babu maimaitawa a cikinsa: ana maimaita neman biyan buƙata ɗaya, ta hanyoyin da suke ɗan sauyawa. Ka lura da yadda ɗan dambe yake tasowa a gidan dambe, ko yadda muka koyi langa muna yara. Babu wanda ya jera mu a layi yana ƙirga mana, da abokin karawa muka fara tun ranar farko.

Ga abin da zan yi da ni ne a matsayinka. Ƙwallonka huɗu filaye huɗu ne. Ka raba yaran nan 26: filaye uku na uku da uku, sun ci yara 18, fili ɗaya na huɗu da huɗu, ya ci sauran takwas ɗin, babu wanda ya rage a layi. Robobin da kake jerawa su zama iyakar fili, duwatsu ko takalma su zama raga. Kowane fili kamar taku ashirin da biyar a tsawo, goma sha biyar zuwa ashirin a faɗi, a yi minti huɗu ko biyar a huta a sauya abokan karawa. Daga nan aikinka shi ne sarrafa dokar wasan ta yadda ita za ta riƙa koyar da abin da kake so ba tare da ka buɗe baki ba. Idan kana so su riƙa ɗaga kai, ka sa wa kowane ɓangare ƙananan raga biyu a kusurwoyi maimakon ɗaya a tsakiya, nan da nan za ka ga yaro yana dubawa ya ga wacce aka bari a buɗe. Idan kana so su koyi tarewa cikin matsi, ka rage filin. Idan kana so masu yanka su fito, ka cire raga gaba ɗaya, ka ce ba a ci ba sai an ratsa layin ƙarshe da ƙwallo a ƙafa. Idan masu rauni sun kasa riƙe ƙwallo, ka ba su fifikon mutum ɗaya, huɗu da uku, har su sami natsuwa. Bugun raga ma haka: gola a raga, mutum biyu su taho da mai tsaron baya ɗaya a gabansu, wani kuma ya biyo su daga baya bayan daƙiƙa biyu, sai ka ga yaro ya fara sanin lokacin bugawa da lokacin bayarwa.

Doka ɗaya ce nake ja maka kunne a kanta, wato ta taɓawa biyu da masu horar da yara a wajenmu suke ƙauna, wadda ke hana yaro taɓa ƙwallo fiye da sau biyu kafin ya bayar. Tana da amfani jefi-jefi, amma idan ta zama ta kullum za ka tashi da yaran da suke jefar da ƙwallo ko da babu kowa a gabansu, domin ka hana su zaɓi.

Sai maganar baki, wadda ita ta fi ba ni wahala. Na saba da ihun “ba shi”, “buga”, “juya”, kuma duk lokacin da na yi ihun na ƙwace wa yaro shawarar da ya kamata ya yanke. Yanzu ina bari a gama zagaye, in kira su na minti ɗaya, in tambayi yaro inda abokinsa yake tsaye lokacin da aka ƙwace masa. Idan gyaran bugu ne, na daina cewa ya kafe idon sawu ya karkata ƙugu, sai in ce ya bugi tsakiyar ƙwallon ta yadda za ta bi ƙasa ta isa ƙafar abokinsa ta nesa da mai tsaro. Gabriele Wulf da abokan aikinta sun fara nuna wannan a 1998, cewa mai koyo ya fi ci gaba idan hankalinsa yana kan sakamakon motsin maimakon gaɓoɓin jikinsa, kuma ko da masana suna ta muhawara a kan girman tasirin, ni dai a fili na ga yaro ya fi sakin jiki idan ba a sa shi tunanin ƙafarsa ba.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa a zubar da maimaici. Yaron da bai iya taɓa ƙwallo da ƙafar hagu ba sam, idan ka jefa shi cikin uku da uku zai ɓoye ta ne kawai, saboda haka yana buƙatar lokacin da babu mai matsa masa. Amma wannan minti goma ne a farkon atisaye, kuma ko a nan ka riƙa canza nisa da ƙafa da tsayin ƙwallon. Sauran aikin na bangon gida ne, wanda ba ya gajiya da mayar da ƙwallo kuma ba ya cin lokacin fili. Mu da la'asar da magariba suka yi wa iyaka, ga Islamiyya da ba ta sakin yara sosai sai Alhamis da Juma'a, ga zafin Afrilu da ke hana fita da wuri, da ƙyar muke samun awa ɗaya da kwata. Shi ya sa na daina zagayen fili ma, domin minti biyar na uku da uku ya fi zagaye biyar fitar da gumi, kuma da ƙwallo a ƙafa.

Ka shirya wa surutu. Makonni na farko atisayen zai yi kama da hargitsi, ƙwallo za ta yi ta fita, kurakurai za su ninka, kuma dattawan da suke zama a bakin fili za su ce koci ya saki yara suna wasan banza. Ni har wani uba ya janye ɗansa ya kai shi inda ake jera robobi, kuma ban ga laifinsa ba, tunda abin da ido ya saba gani ke nan. Abin da ya riƙe ni shi ne na canza ma'aunina: na daina auna atisaye da kyansa a ranar, na koma duba abin da ya rage a jikin yaro bayan mako guda, da abin da ya fito ranar wasa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗan tsakiyar nan nawa sai da muka kusa cinye damina guda kafin na ga ya waiwaya kafaɗarsa ƙwallo tana kan hanya, ya bar ta ta wuce gabansa maimakon ya tare, mai tsaron ya zo ya tarar da iska.

Ka ba tsarin makonni shida kafin ka yanke hukunci. A wasanku na gaba ka zaɓi yara uku, ka sa wani ya riƙe takarda yana yin alama duk lokacin da ɗayansu ya duba gefe ko baya kafin ƙwallo ta iso shi, sannan ka sake ƙirgawa bayan makonni shidan, ka kawo mana lissafin biyu mu duba tare. Allah Ya taimaka, Ya raya mana yaran.