Bindigar fentina tana zubar da iska, in ɗiga mata mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bindigar wasan harbin fenti ƙirar Tippmann 98, da tukunyar iska mai cin 3000 psi (ma'aunin ƙarfin matsin iska). Kwana biyun nan da na ɗaura tukunyar sai in ji bindigar tana huci, kafin a gama zagaye ɗaya iska ta ƙare. Wasu notuna ma sun yi sako-sako. Wani abokin wasanmu ya ce in ɗiga mai a bakin da ake ɗura wa tukunyar iska, in kuma ɗaure komai da filaya. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gara da hankalinka bai kwanta ba, ɗan'uwa. Kada ka kuskura ka sa mai a bakin ɗurin tukunya, ko ɗigo ɗaya, ko wane iri ne. Wannan magana na maimaita ta har bakina ya gaji, amma kullum sai an samu wani gwani a bakin fili ya zaro gwangwanin man feshi na WD-40 yana cewa shi ya saba yi. Ka san injin dizal ba shi da fulogi. Matsa iska ake yi har ta yi zafi, mai ya kama da kansa. To haka abin yake in aka ɗura 3000 psi cikin 'yan daƙiƙu ta ƙaramar kafa: iskar ta ɗau zafi, ga mai a hanya, sai wuta a cikin regileta, wato na'urar kan tukunya mai rage ƙarfin iska, tukunyar kuwa tana hannunka ko kusa da fuskar mai ɗurin.

Na san inda ruɗanin ya samo asali. A irin bindigarka ana ɗiga man da aka yi don ita, ɗigo biyu ko uku, a ramin da tukunya ke shiga a jikin bindigar, a cire bututun da ƙwayar fenti ke fita ta cikinsa a yi harbin wofi don man ya zagaya. Wannan ramin yana bayan regileta, inda ƙarfin iska ya sauka zuwa wajen 800 psi. Bakin ɗuri kuwa yana gaban regileta, shi ke karɓar ƙarfin gaba ɗaya. Wani ya ga an yi na farko, sai ya ɗauka duk rami rami ne. Man inji da danginsa ma kumbura zoben roba suke yi, yoyon ya lafa yau, jibi ya dawo ya fi na da. In bakin ɗurin ne ke huci, wani ɗan zoben roba ne a cikinsa ya mutu, kuma sai an juye iskar tukunyar kaf kafin wanda ya san aikin ya canza shi.

Yanzu ga neman yoyon. Sa tabaran kariya, juye ƙwayoyin fentin, rufe bakin bututu. Kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowace mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne. Mafi yawan lokaci zoben bakin tukunya ne, mai lamba 015. Cire shi da farce ko tsinke, ka duba a haske: za ka ga ya baje ko ya yi 'yar tsaga kamar silin gashi. In kuwa ta cikin bututu iskar ke fita, robar da ke toshe bawul ce ta ci ko datti ya maƙale mata. Kafin ka kwance komai ka cire tukunya, ka ja kunama sau biyu ko uku bakin bindigar yana kallon ƙasa, domin akan samu sauran iska a ciki.

Notunan jiki kuwa alanki daidai girmansu suke so, filaya cinye kawunansu take yi. Ɗaure har ya zauna, ka tsaya nan, don jikin alminiyom ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Wanda ke yawan kwancewa ka sa masa ɗigon gam ɗin riƙe notu na Loctite, shuɗi ban da ja. Zaren tukunya ba a naɗa masa farin tef, zoben roba ne ke riƙe iskar.

Sako-sakon da ya fi ba ni tsoro shi ne na kan tukunya. A 2004 hukumar CPSC ta Amurka, mai kula da amincin kayan da ake sayar wa jama'a, ta fitar da gargaɗi bayan mutum biyu sun mutu, inda bawul ya kwance daga jikin tukunyar gas ta CO2 ana cikin cire ta, tukunyar ta tashi kamar roka. Ja layi da fenti daga regileta zuwa jikin tukunya. Juyi uku zuwa huɗu ya isa ta fita daga bindiga. In ka ga layin ya rabu, ko ka gama juyi na huɗu ba ta fita ba, tsaya cak, ka kai wa mai gyara a haka.

Duba kwanan watan gwajin ƙarfin tukunya da ke rubuce a jikinta ma, yawanci duk shekara biyar ake sakewa. Bayan gyara ka auna gudun harbi a na'urar fili kafin ka shiga wasa, kada ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa.