An ce masa babansa ya yi tafiya, yanzu kullum yana jiransa

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye nake a yankin Gumel. Wata biyu ke nan maigidana ya rasu a hatsarin mota, yana dawowa daga kasuwar Maigatari, yanzu haka ina cikin takaba. Ɗanmu mai shekara 6 maƙwabta aka kai shi ranar jana'iza, kakarsa ta ce a gaya masa baban tafiya ya yi. Duk ranar Alhamis, ranar kasuwar, a ƙofar gida yake wuni har magariba. Ya koma fitsarin kwance, ba ya bari in gusa ko nan da can. Baffansa kuma yana so ya tafi da shi Kano wai don ya manta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya ba ki haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari.

Ki gaya masa gaskiya, kuma kada a ƙara jinkiri. Kakarsa tausayi ne ya sa ta faɗi haka, ba na ganin laifinta. Amma yaro mai shekara 6 ya san duk wanda ya je kasuwa yana dawowa. Yana ganin mutane suna shigowa gaisuwa, yana ganin idonki, an ce masa kuma ba komai. Abin da aka ɓoye masa shi zai cike da tunaninsa, sau da yawa kuma abin da yaro yake sakawa a ransa ya fi gaskiyar muni: ko Baba fushi ya yi da ni? Ko don na ƙi zuwa aike ne? Idan kuma aka bari wani yaro ya jefa masa maganar a wajen wasa, ranar zai yi rashi biyu, ga uba, ga yardar da ya yi da manyansa.

Ki fara shawo kan kakar cikin ladabi, in ta yarda ku zauna tare. Ki zaɓi safiya, ba lokacin kwanciya ba. Ki ce masa: “Babanka ya rasu. Motarsu ce ta yi hatsari. Wanda ya rasu ba ya dawowa, ba ya jin yunwa, ba ya jin ciwo. Ba laifinka ba ne. Ni ina nan tare da kai.” Kada ki ce barci yake yi, don sai yaron ya ji tsoron rufe ido. In ya tambayi inda yake, ki ce ya koma ga Allah, muna roƙa masa Aljanna, ki koya masa cewa “Allah Ya jiƙan Baba”.

Wataƙila ya saurare ki ya tashi ya tafi wasansa. Ba rashin damuwa ba ne, yara kaɗan-kaɗan suke ɗaukar baƙin ciki. Gobe zai sake tambaya yaushe Baba zai dawo, jibi ma haka, domin tsakanin shekara 5 zuwa 7 ne yawancin yara suke fara gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Amsa ɗaya za ki riƙa maimaita masa.

Kuma don Allah a daina ce masa namiji ba ya kuka. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Da aka kashe ɗan baffansa Ja'afar a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, gidansa ya je ya jawo 'ya'yan jikinsa. Ke ma in hawaye ya zo miki a gabansa, ki ce kewar Baba kike yi. In ɗan fari ne, ki ajiye kunyar nan tamu a gefe na ɗan lokaci, ki rungume shi. Yanzu ba lokacin kara ba ne.

Fitsarin kwance mai yiwuwa tsoro ne ya kawo shi. Ban da duka, ban da gori a gaban yara. A rage masa ruwa da dare, a tashe shi ya kewaya.

Batun Kano kuwa, ban goyi baya ba a yanzu. Yaron da ya rasa uba, babban fargabansa kada uwar ma ta ɓace, shi ya sa yake maƙale miki. Raba ku zai tabbatar masa da abin da yake tsoro. A roƙi baffan ya dakata aƙalla ki fita takaba, wata 4 da kwana 10, yaron ya natsu, sannan a yi shawara. Kafin nan ya riƙa zuwa, ya kai shi maƙabarta ya ga kabarin in yaron yana so, ya ba shi hular babansa ya ajiye. Makarantar allo da ta boko su ci gaba yadda aka saba, a kuma sanar da malamansa.

Idan watanni suka ja yana ƙin abinci, yana ramewa, ya daina wasa, ko yana firgita kullum da dare, ku fara da asibitin da ke kusa da ku. In ya ce yana so ya mutu ya bi babansa, wannan ba a jira. Akwai masu duba irin wannan a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ke ma in barci da abinci sun gagare ki, ki faɗa wa ma'aikacin lafiyar a wannan zuwan.