Ga Mai Sunan Malam, a kan Zancen Ƙaho

Mai sunan Malam, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi a waya bayan la'asar, ita ce kuma take rubuta wannan ina faɗa mata, don idona ya daina ɗaukar ƙananan rubutun nan. Na yi dariya har kakarka ta leƙo daga ɗaki, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai ka fara zuwa wurin 'yan badujala kana koyon busa ƙahon Turawa, kana son ka ji ko al'adarmu ta yarda ɗan gidan malamai ya yi busa. Har ka haɗo da hoton Sardauna yana gaisawa da Louis Armstrong, shahararren mai busa ƙahon nan na Amurka, a Kaduna a 1960, hujjarka ke nan. Hoton gaskiya ne, ina saurayi aka yi wannan zuwan. Amma karɓar baƙo daban, ɗaukar ɗanka ka miƙa masa daban. Kuma irin wannan magana a da takowa ake yi, a durƙusa a zaure a faɗe ta, ba a aiko ta a waya kamar cinikin kati.

Da muna yara busa tana da masu ita. Kakaki na sarki ne, ko attajirin da ya fi kowa dukiya a gari bai isa a busa masa ba. Daren Juma'a muna kwance muna jiyo shi daga ƙofar fada, shi da algaita, har barci ya kwashe mu. Gidajen masu busa sanannu ne, uba ke koya wa ɗa, suna da sarkinsu, suna da ubangidan da ke ciyar da su ya kuma tsawata musu. Malam, wanda ka ci sunansa, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa wulaƙanta su ba. In suka zo gaisuwar salla sai ya sa a auna musu hatsi. Sai dai in ɗayanmu ya ɗauki kara yana kwaikwayon su, yakan dube shi ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Namu kukan allo ne da tawada.

To ni ma na taɓa jin wani kukan ya shiga raina, kuma ban taɓa ba mahaifinka labarin ba.

Hunturun 1961 ne, a Zariya, ina da shekara 19, ina ƙaramin akawu. Akwai wani tsohon soja da ke gadi a wurin aikinmu, ya je yaƙin Bama, ƙahon badujala yake busawa a bataliyarsu. Haƙoransa na gaba sun zube, saboda haka busa ta ƙare masa, amma in yana tafiya za ka ga yatsunsa uku na dama suna motsi a kan cinyarsa. Wata rana ya ce in zo ɗakinsa a Sabon Gari bayan isha'i zai nuna mini wani abu. Na tarar ya hura gawayi a kasko, fitilar ƙwai na ci a kan sanduƙi. Ya jawo garmaho daga ƙarƙashin gado, irin mai hannun nan da ake murɗawa, ya kwance wani tsohon bargon soja, sai ga faifai baƙi mai hoton kare a tsakiya. Ya fi sauran faya-fayan faɗi, inci 12 ne, su kuwa inci 10, minti uku sun ƙare. Ya sa sabuwar allura, ya hure ƙura, ya ce mini kada in yi tari.

Da farko ƙaho ne shi kaɗai, sauran makaɗa sun riƙe masa sauti ɗaya a ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma. Yana hawa yana tsayawa, ya sake hawa, kamar mai kiran wani daga nesa. Can sai mutumin ya ajiye ƙahon ya yi waƙa da muryarsa, murya ce siririya, ba ta wani gwanin mawaƙi ba, kuma ban ji ko kalma biyar a ciki ba. Da ya koma kan ƙaho sai ya kai shi can ƙololuwa, sautin bai tsuke ba, yana nan da kauri, sannan ya sauko da shi ƙasa-ƙasa har ka ce daga ƙirjin sa yake fitowa. Minti huɗu da 'yan kai. Na duba sai na ga tsohon nan ya runtse ido, leɓunansa suna rawa. Sau huɗu muka ji shi a daren, kowane ji da allurarsa, shi kuwa allura ƙirga ta yake yi kamar kuɗi. Ya ce mini sunan mai busar Bunny Berigan, Bature ne ɗan Amurka, ya mutu yana da shekara 33, giya ce ta kashe shi.

Sai wajen sha biyun dare na tura ƙyauren gida, na iske Malam zaune a zaure kan buzunsa, carbi a hannu. Ban iya yi masa ƙarya ba, na faɗa masa komai har da shekarun mutumin. Na zaci duka zan sha. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce idan ganga ta cika zaƙi fashewa za ta yi. Ya tambaye ni, shi wannan mai busa, wa yake da shi da zai ce masa bari ya bari? Na ce ban sani ba. Ya ce in je in kwanta. Bai hana ni komawa ba, amma tambayar ta bi ni shekaru.

Daga baya na samo amsarta da kaɗan-kaɗan, wani a shirin kiɗan jaz na Willis Conover da Muryar Amurka ke sawa da dare, wani a karatu. An haifi Berigan a 1908 a jihar Wisconsin, ya tashi a wani ƙaramin gari, Fox Lake. Abin da zai ba ka mamaki, a ma'auninmu ɗan gado ne, don kakansa na wajen uwa shi ke jagorantar makaɗan garin, kuma yaron da goge irin na Turawa ya fara kafin ya koma ƙaho. Ya yi aiki a ƙungiyar makaɗan Hal Kemp, har suka je Turai a 1930, ya yi a ta Paul Whiteman. A 1935 yana cikin ƙungiyar Benny Goodman, shi ya yi busar da ke cikin faifan King Porter Stomp, kuma yana nan ranar 21 ga Agusta ta shekarar a zauren rawa na Palomar a Los Angeles. Sun ratso ƙasar tun daga gabas ana juya musu baya, a daren nan matasa suka bar rawa suka yi dafifi a gaban makaɗa suna ihu. Daga wannan dare masana ke ƙirga farkon zamanin kiɗan da suke kira suwin. Farkon 1937 ya yi wa wani shugaban makaɗa, Tommy Dorsey, busa a faifan Marie da Song of India, duka biyun suka yi kasuwa. A shekarar ya kafa ƙungiyarsa, a watan Agusta suka ɗauki I Can't Get Started, wato faifan da na ji a ɗakin tsohon soja. Armstrong ɗin nan da kake kafa hujja da shi, da aka tambaye shi masu ƙahon da yake so, sunan Berigan ya fara kira.

Ka ga baiwa iya baiwa. Amma shugabancin mutum goma sha wani abu ba busa ba ce. Kullum suna kan hanya a mota, yau wannan gari gobe wancan, ga albashin yara, ga kuɗin masauki, shi kuwa ba ya iya riƙe kwabo, ba ya iya ce wa kowa a'a, kuma duk inda aka sauka akwai mai miƙo masa kwalba don yana son sa. A 1939 aka ayyana shi a matsayin wanda ya karye. Ya koma wurin Dorsey a 1940, bai yi ko shekara ba ya fita, ya sake haɗa wata ƙungiya. A 1942 ciwon huhu ya kwantar da shi a Pittsburgh, likitoci suka ga hantarsa ta lalace, suka ce ya ajiye giya ya ajiye ƙaho. Bai ajiye ko ɗaya ba. Ranar 2 ga Yuni ya rasu a New York, ya bar mata da 'ya'ya mata biyu. Dorsey ne ya biya kuɗin jana'izarsa. Amsar tambayar Malam ke nan, masu yi masa tafi dubbai ne, mai riƙe masa hannu babu. Mabushin fada kuwa, duk da kallon ƙasa-ƙasa da ake yi masa, in ya fara sakin hanya akwai sarkin busa, akwai uba, akwai unguwa.

Na san za ka ce Shata ma bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa bai so ba, ga shi har jami'ar nan ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Haka ne, ba ni da ta cewa a nan. Ni kaina na yi shekara ina tara kuɗin ƙaho a gwangwani, ranar da suka kusa cika na kasa haɗa ido da Malam, na sayi keke. Har yau in na ji 'yan badujala sun wuce ranar fareti sai na tashi zaune.

Abin da ke damuna da ku shi ne yadda kuke jin kiɗa. Kowa ya toshe kunnensa da waya shi kaɗai, waƙa ba ta kai rabi ba ya danna wata. Mu faifai ɗaya muka zauna wa, mu biyu da kaskon wuta. Wanda bai iya zama ya saurara minti huɗu ba, ina zai iya zaman shekarun da leɓe ke bukata?

Kafin tsohon nan ya koma garinsu ya bar mini faifan. Yana nan a ƙasan akwatin ƙarfe na kakarka, cikin bargon, ya ɗan tsage a gefe amma allura za ta bi. In kun samu hutu ka zo da ƙahon naka a jaka, kada ka fito da shi a ƙofar gida, kada kuma ka gaya wa mahaifiyarka tukuna. Ina so in san wa ke koya maka, shekarunsa nawa, yana da iyali ko babu, a ina kuke yi, ƙarfe nawa kuke tashi, kuma in an kira magariba me ake yi da ƙahon. Ka bincika mini a kasuwar 'yan gwangwan ko za a dace da mai gyaran garmaho.