Amsa: Me ya sa a Madina ba a fuskantar gabas wajen salla?

Malam, sannu da zuwa Madina, Allah ya sa an zo a sa'a. Ka tambaya ko ka yi kuskure da ka ga mutane suna kallon kudu alhali ka saba da gabas. Ka bi su, su ne daidai.

A gida mun haɗa gabas da alƙibla ne saboda Makka tana gabas da ƙasar Hausa, ta ɗan karkata arewa. Alƙibla kuwa Ka'aba ce, duk inda ta faɗo maka. Madina tana arewa da Makka, shi ya sa ake fuskantar kudu. A Jidda gabas za ka kalla, a Riyad kuma yamma mai karkata kudu. Hadisin da ya ce abin da ke tsakanin gabas da yamma alƙibla ne, da mutanen Madina yake magana. A nan ɗin ma aka juya alƙibla daga Baitul Maƙdis a shekara ta 2 bayan Hijira. Ka daure ka ziyarci Masallacin Ƙiblataini, wato masallacin alƙibla biyu.

Idan kana masauki, da magariba ka sa faɗuwar rana a hannunka na dama. Kada ka dogara da waya kaɗai, ƙarfen gini yana rikita ta.