Tambaya da Amsa: Jinin da aka ƙara wa Inna a 1987 ne ya sa mata ciwon hanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya zafi. Ni dai wata magana ta hana ni kwana. Innarmu an gwada ta kwanan ga an ce tana da ciwon hanta nau'in C, kuma tsohuwa ce wadda ba ta san komi ba sai gidanta, abin da muka tuna kawai an ƙara mata jini leda biyu sanda ta haifi autanmu a 1987. Shin wanga jini zai iya zama sanadi bayan shekarun ga duka? Kuma ga yarona mai sikila an ce sai an ƙara mai jini, wallahi tsoro nike ji. Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya, ya ba yaro sauƙi. E, zai iya zama sanadi, amma ba wanda zai rantse miki, don allurar da aka maimaita ko askar wanzami ma suna ɗaukar wannan cuta. Nau'in C haka yake, ya shiga jiki ya yi lamo shekara 20 ko 30 yana cin hanta a hankali mutum na harkokinsa bai san komai ba.

Abin da nake so ki gane, a 1987 ko a Landan aka ƙara wa Inna jini ba mai iya gwada shi don nau'in C, saboda ƙwayar ma ba a gano ta ba tukuna. Likitoci sun daɗe suna ganin mutum ya karɓi jini, bayan wata biyu ko uku idonsa ya yi ɗorawa shawara ta fito, ba su san dalili ba. Sai a 1965 wani mai bincike, Baruch Blumberg, ya wallafa cewa ya ga wani abu a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, daga baya aka tabbatar alamar nau'in B ce. Shi kuma Harvey Alter da ke cibiyar binciken lafiya ta Amurka ya bi sawun waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya, ya ga kusan ɗaya cikin uku na kamuwa da ciwon hanta bayan ƙarin jini. A 1970 cibiyar tasu ta daina karɓar jinin sayarwa ta fara gwajin B, abin ya faɗo zuwa wajen ɗaya cikin goma, amma ya ƙi ƙarewa. Ragowar ba A ba ne ba B ba ne, haka ma aka riƙa kiransa, "ba A ba B ba", har 1989 da Michael Houghton da abokan aikinsa suka kamo ƙwayar C. Amurka ta fara gwada jini a 1990, Birtaniya sai Satumban 1991, mu nan kuwa sai a hankali. Alter da Houghton da wani mai bincike, Charles Rice, sun samu kyautar Nobel a 2020 kan wannan aiki.

Inda abin ya fi muni kuwa wajen masu cutar da jininsu ba ya daskarewa ne. Maganinsu, Factor VIII, a wancan lokacin ana haɗa shi ne daga jinin dubban mutane a tukunya ɗaya, ciki har da fursunoni da 'yan ƙwaya da ake biya kuɗi a Amurka, to mutum ɗaya mai cutar ya isa ya lalata duka. A Birtaniya sama da mutum 30,000 suka kamu da ciwon hanta ko ƙanjamau ta jini da magungunan jini a shekarun 1970 zuwa farkon 1990, wajen 3,000 sun rasu, kuma rahoton binciken da ya fito a Mayun 2024 ya ce da yawan ɓarnar da an iya kauce mata. Ƙasa mai kuɗi ke nan fa.

Yanzu ga maganar yaronki. Idan likita ya ce jininsa ya yi ƙasa sai an ƙara, kada ki tsaya, ƙarancin jini na iya kashe mai sikila cikin kwana ɗaya, ciwon hanta kuwa yau ana gwadawa. Ƙa'ida ita ce kowace leda a gwada ta don ƙanjamau, B, C da tunjere, ki duba takardar da ke manne jikin ledar, ki tambaya, haƙƙinki ne ba rashin kunya ba. Abin da ni ke ba ni tsoro shi ne samarin nan da ke zaune bakin ƙofar asibiti suna jiran a ce "ku nemo jini" su miƙa hannu a biya su. Wanda ke sayar da jini ba zai faɗi gaskiyar lafiyarsa ba, kuma idan bai daɗe da kamuwa ba gwaji na iya nuna lafiya lau na wasu makonni, musamman ɗan tsinken nan na gaggawa. Ku tanadi 'yan uwa ko abokan arziki biyu uku da kuka sani tun kafin ciwo ya tashi, ko ku je bankin jinin babban asibiti kamar na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A duba katin yaron na rigakafi kuma, allurar B ta shiga jerin na yara a Najeriya a 2004, in bai cika ba a cika masa. C ba ta da rigakafi, sai dai a riƙa gwada shi lokaci zuwa lokaci tunda yana karɓar jini.

Ita kuma Inna a yi mata gwajin da ke nuna ko ƙwayar na nan da ranta, don wasu jikinsu na korar ta da kansa alamar kawai ke saura. In tana nan, akwai ƙwayoyin sha na wata uku da ke warkar da sama da kashi 95 cikin 100. A yi hoton hanta, a ajiye jiƙe-jiƙen shawara gefe, kuma ku ci abinci kwano ɗaya da ita ba komai, reza da abin yanke farce da buroshi ne kawai kowa da nasa.