Amsa: Waya tana caji amma kwamfuta ba ta ganin hotuna

Malam, ka ce ka jona wayarka da kwamfuta, caji kawai take yi, hotunan bikin ba su fito ba. Galibi laifin kebul ne. Mai arhar nan sau da yawa na caji ne zalla. Nemo wanda ya zo da wayar. In ya ɓata, ko a kasuwar Gujungu ka ce mai ɗaukar data kake so, wato mai iya tura hotuna zuwa kwamfuta.

In wayar Android ce, bayan ka jona ta, buɗe makullin wayar, ja allon daga sama, taɓa saƙon USB, zaɓi File Transfer (wato tura fayil). A kwamfuta buɗe wayar, shiga folda mai suna DCIM (inda waya ke ajiye hotuna), sannan Camera. Kwafa za ka yi, sai ka ga hotunan sun buɗe a kwamfuta kafin ka goge na waya. In har yanzu shiru, wataƙila ƙura ce a ramin cajin. Sakace ta da tsinke a hankali, ban da allura.